Na je Tunis da Ƙairawan neman katangar da ke cikin Risala

Ranar da muka kai babin hukunce-hukunce da shaidu a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, a guje muka wuce shi. Sauka ta matso, hankalin kowa ya koma kan walima. Ina tuna malaminmu, Allah ya jiƙansa, yana fassara mana cewa idan maƙwabta biyu suka yi jayayya a kan katanga, ana hukunta ta ga wanda ɗaurin ginin ya shiga ɓangarensa. Idan kuma gida na mutum biyu ne, ɗaya na da ƙasa ɗaya na da bene, gyaran ƙasa yana wuyan mai ƙasa, ko ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Muka ce na'am, aka juya shafi. Ban tambayi kaina su wa ke wannan rigima ba, a wane gari, kuma wane irin gida ne da wani zai mallaki samansa wani ya mallaki ƙasansa.

Sai da na shekara goma ina koyar da tarihi tambayar ta dawo mini. Littattafan tarihi na dā sarakuna suka sani, da yaƙi, da ranar da aka naɗa wane aka tuɓe wane. Mai gidan burodi, da matar da ta kai ƙarar maƙwabci a kan taga, da falken da ya tafi da jarin wani ya daɗe bai dawo ba, duk babu su a ciki. Mazauninsu littattafan fiƙihu ne da na fatawoyi, domin gaban alƙali da mufti suka kai kukansu, a can aka rubuta shi. Na yi shekara biyu ina tara kuɗi don in je in ga garuruwan da aka rubuta littattafan da muka tashi a kansu.

Biza ta ci mini kusan wata guda. Jirginmu ya tashi da tsakar dare, muka yi zaman jira na awa 6 a Kasablanka, muka sauka filin jirgin Tunis da la'asar, cikin watan Janairu. Jami'in shige da fice ya nemi takardar masauki da tikitin komawa, sannan ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce ziyarar Ibn Abi Zaid. Ya ɗago kai ya dube ni da kyau, ya ce, "Mai Risala?" Na ce shi. Ya buga hatimi ya miƙo mini fasfo yana yi mini maraba. Dinarin Tunusiya ba a fita da shi daga ƙasar, don haka a nan na yi canji na adana rasit, da shi ake mayar wa mutum ragowar kuɗinsa ranar tafiya. Mai tasin farko ya ce dinari 30 kuma ya ƙi kunna mita. Na ja jakata zuwa bakin titi na samu wani, mita ta tsaya ƙasa da dinari 10.

A Bab Bahar ya sauke ni, domin mota ba ta shiga tsohon gari, wanda suke kira madina. Na ja jaka a kan daɓen duwatsu, ina tambaya ana nuna mini lungu, har na iso masaukina: tsohon gida ne da wata dattijuwa ta mayar da ɗakuna uku na baƙi, dinari 70 kwana ɗaya har da karin kumallo. Tun daga ƙofa aikina ya fara. Ka shiga ɗakin farko mai dakali biyu, ka karya hagu, ka shiga na biyu, ka sake karyawa dama, sannan ka faɗa tsakar gida. Sunan wannan mashiga sakifa. Duk wanda ya tashi a gida mai zaure da soron ciki ba sai an yi masa bayani ba. Bambancin kawai, nan tsakar gidan marmara ce, ɗakuna sun kewaye ta sama da ƙasa, tagoginsu duka ciki suke kallo. Sanyi kuwa ban taɓa jin irinsa ba. Gini ne da aka yi don zafi, dutse da tayil, babu abin ɗumama ɗaki. Hajiya ta kawo mini bargo uku ta ce, "Ɗana, kada ka cire safa." Da safa da hula na yi kwana huɗun da na yi a gidanta.

Da safe na fita ba tare da taswira ba, na sa wa kaina aiki guda: in duba ƙofofi. Risala ta hana mutum buɗe ƙofa daidai da ta maƙwabcinsa, da buɗe tagar da zai riƙa leƙensa ta ciki. Na bi lungu bayan lungu a unguwannin zama, kuma a mafi yawansu haka na tarar. Ƙofar nan ta goce wa waccan da taku biyu ko uku. Tagogin da ke kallon hanya ƙanana ne, sun fi tsayin mai tafiya. Malaman Malikiyya suna kawo wani awo da aka jingina wa Sayyidina Umar: a ajiye gado a gindin tagar, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Na tsaya a gindin wata taga na ɗaga hannu, yatsuna ba su kai ta ba.

Can kuma sai lungu ya yi duhu, ka ɗaga kai ka ga ɗaki ne aka gina a kan hanya daga wannan katanga zuwa waccan. Shi ne sabaɗ. Fiƙihu ya yarda da shi matuƙar bai cutar da mai wucewa ba, kuma ma'aunin tsayinsa raƙumi ne da kayansa. Faɗin hanya ma da raƙumin aka auna shi, bisa hadisin da ke cikin Buhari da Muslim cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a bar kamu bakwai, wato mita 3 da 'yan kai. Na auna wurare da dama da hannuna. Manyan hanyoyi sun kai, wasu sun wuce. Amma na sha shiga inda kamu huɗu ma bai cika ba, inda wani ya turo katangarsa ya ci hanya shekaru ɗaruruwa da suka wuce, aka yi shiru, ta zauna. Wannan ma tarihi ne. Garin yana nuna inda aka bi hukunci, yana kuma nuna inda mai ƙarfi ya ci, ko inda maƙwabta suka kawar da kai.

Rana ta biyu ce ta biya mini kuɗin jirgina. Akwai wani layi a gefen madina da ake kira Dabbagin, wato layin majema. Yanzu babu fata ko ɗaya, tsofaffin littattafai ake sayarwa, a shago da kan tabarma. Sunan kansa darasi ne: majema a bakin gari aka ajiye su saboda wari, alhali masu turare, Aɗɗarin, suna manne da katangar masallacin Zaituna. A can na samu wani dattijo mai shago, da rigar ulu da jar dara, na tambaye shi littafin Ibn Rami. Ya ce, "Kai magini ne ko alƙali?" Na ce malamin makaranta. Ya hau tsani ya sauko da shi, Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan, dinari 25, ya sa yaro ya kawo shayi.

Ibn Rami magini ne da ya rayu a Tunis a rabin farko na ƙarni na 14, zamanin daular Hafsawa. Idan maƙwabta suka kai ƙara a kan katanga ko kwata ko hayaƙi, alƙalai irin su Ibn Abdir Rafi'i shi da ire-irensa suke aikawa su duba su kawo rahoto. Sai ya zauna ya tattara maganganun malaman mazhaba tun daga Imamu Malik, ya haɗa da abin da ya gani da idonsa. Dattijon ya buɗe mini wata mas'ala ya ce in karanta da ƙarfi. Mutum ne ya kafa dutsen niƙa da dabba ke juyawa a gidansa, maƙwabci ya ce girgizar tana cutar da katangarsa, mai dutse ya musa. Yaya za a gane gaskiya? Sai a samu takarda, a ɗaure kusurwoyinta huɗu da zare, a rataye ta a rufin da ke kan katangar, a zuba mata busassun 'ya'yan kusbara, wasu ƙwayoyin kayan ƙamshi masu girman masoro amma marasa nauyi. A ce wa mai dutse ya kora dabbarsa. In ƙwayoyin suka motsa, an tabbatar da cuta, a ɗauke dutsen.

Na rufe littafin na yi shiru. A cikin 'yan layukan nan na ga unguwa sukutum: gidaje manne da juna har azarar wannan tana kan katangar wancan, sana'a a cikin gidan zama, dabba a tsakar gari, talaka da ke da hanyar kai maƙwabcinsa gaban alƙali, da alƙalin da bai yarda ya yi hukunci da zato ba. "Babu cuta babu cutarwa" da muka haddace, ga shi an mayar da shi zare da takarda. Ibn Haldun, wanda aka haifa a wannan gari a 1332, ya faɗa a Muƙaddima cewa a manyan birane mutane kan yi husuma har a kan sararin sama da magudanar ruwa, kuma mahukunta kan koma ga magina su warware. Da ƙyar in bai ga irin su Ibn Rami suna aiki ba yana yaro.

Dattijon ya ja mini kunne kafin in tashi, kuma na riƙe maganarsa. Ya ce, "Malam, kada ka ɗauki kowace mas'ala a matsayin abin da ya faru." A Mudawwana, babban littafin mazhabar Malikiyya, akwai tambayoyi da yawa na ƙaddarawa, almajiri ne ke cewa malaminsa, in abu kaza ya faru fa? Masu tattara fatawoyi kuma sukan goge sunan mutum da na unguwa da shekara, ya koma "wani mutum". Mas'ala guda takan yi tafiya daga littafi zuwa littafi tsawon shekara 500, har mai karatu ya zaci ta zamanin wanda ya kwafe ta ce. Abin da ya fi amana shi ne nawazil, wato tambayoyin da suka auku aka kawo wa mufti, irin waɗanda Burzuli ya tara a Tunis kafin rasuwarsa a 1438, da waɗanda Wansharisi ya tara a Fas a cikin Al-Mi'iyar kafin tasa a 1508. Sai kuma shaidar wanda ya je ya gani, irin maginin nan.

Abincin rana kullum lablabi na ci, don arha da ɗumi. Za a ba ka kwano da busasshen burodi ka gutsuttsura da hannunka, a zuba romon wani wake mai kama da gujjiya, da man zaitun, da ƙwai, da harisa, yajinsu na jan barkono. Da dinari 5 na riƙa ƙoshi har dare.

Akwai wurin da ban ji daɗin tsayuwa ba, amma ba zan tsallake shi ba. Daga Zaituna, wanda gininsa na yanzu ya samo asali tun 864, ka ratsa kasuwar masu jar dara ka faɗa Suƙ al-Birka. Yau zinariya ake sayarwa, fitilu sun haske ko'ina. A tsakiya akwai ɗan fili mai ginshiƙai da rufin ƙubba. Nan ake tsayar da bayin da aka ƙetaro da su Sahara ana yi musu ciniki, har Ahmad Bey, mai mulkin Tunis, ya rufe kasuwar a 1841, ya soke bauta a 1846. Na jingina da wani ginshiƙi, sai babin ciniki na Risala ya faɗo mini, inda ake maganar lamunin kwana uku da na shekara guda a kan bawa, ko da hauka ko kuturta za ta bayyana. Mun karanta shi kamar lissafi. Su wa aka tsayar a nan ana duba musu haƙora? Amsar ma a fiƙihu take. A 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya amsa tambayar mutanen Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, a kan wanda ya halatta a bautar, ya lissafa Barno da Kano da Katsina da Songai a cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Ba a yin irin wannan tambaya sai idan ana sayar da su. Mai taga da mai dutsen niƙa sun yi magana da bakinsu a cikin littattafan nan, bawa kuwa galibi a matsayin kaya ya shigo, kuma wajibi ne mai karanta su don tarihi ya faɗi haka.

Kafin in bar Tunis na je Bab Suwaiƙa na yi addu'a a hubbaren Sidi Mahraz, wato Muhriz bin Halaf, wanda ya rasu a 1022. Malamin yara ne, kuma shi ya roƙi Ibn Abi Zaid ya rubuta masa taƙaitaccen littafi da zai koyar da su. Ashe hukuncin katanga da taga da bene, yaran birni aka so su tashi da shi, domin a irin waɗannan gidaje za su zauna.

Motar Ƙairawan a tashar Munsif Bey ake shiga. Ƙananan bas ne farare masu jan layi, suna ce musu luwaj, mutum 8 suke ɗauka kuma ba sa tashi sai sun cika. Na biya ƙasa da dinari 15. Tafiyar kilomita 160 ce: babbar hanya har Enfida, sannan a karya yamma a shiga fili. Bishiyoyin zaitun a jere har iya gani, shingen ƙaya, masu gasa naman rago a bakin hanya sun rataye fatar don a san sabon yanka ne. A wani shatale-tale jami'an tsaro suka tsayar da mu, suka karɓi katin kowa, suka tafi da fasfona motarsu. Minti goma ya yi mini tsawo. Wata tsohuwa da ke gefena ta miƙo mini lemo ta ce kada in damu. Suka dawo da shi, jami'in ya sara mini, ba a nemi ko sisi ba.

Ƙairawan ta tarbe ni da iska mai yanka fuska. Uƙba bin Nafi'u ya kafa ta a 670 a fili fetal, nesa da teku, babu kogin da ke gudu duk shekara. Wanda ya fahimci haka ya fahimci rabin fatawoyin garin, domin ruwa ne babbar maganarsu. A bakin gari akwai manyan tafkunan da sarakunan Aglabawa suka gina wajen 860, babban yana da faɗin mita 128. Allah ya yi mini gamon katar, washegari aka kwana ana ruwa. Na je babban masallaci, wanda Ziyadatullahi na ɗaya ya sake ginawa a 836, na fake a baranda ina kallo. An karkata daɓen harabar duka zuwa tsakiya, ruwa yana gangarowa zuwa wani matatar marmara mai hawa-hawa da ke tare ƙasa da datti, sannan ya zuba cikin rijiyoyin da ke ƙarƙashi. Da ruwa ya tsagaita na je bakin ɗaya daga cikinsu. Igiyar guga ta ci marmarar ta yi mata tsagi-tsagi, na sa yatsana a ɗaya ya shige har gaɓa ta biyu. Tsofaffin gidaje ma kowanne da irin wannan matara ta ruwan sama, majil. Sai ga mas'alar da malamai suka tattauna: in an ba da hayar gida, ruwan da ya taru a majil na mai gida ne ko na ɗan haya? Sun saɓa, kuma al'adar gari ta shiga cikin amsar. Dā zan ce wannan tsawaita bayani ne. A garin da ruwan Janairu ake sha a Yuli, magana ce ta rai.

A bayan ganuwa kabarin Sahnun yake, a ƙarƙashin wata farar ƙubba. Shi ya je Masar ya karanta wa Ibn Ƙasim mas'alolin da Asad bin Furat ya fara tarawa, aka gyara su, suka zama Mudawwana. An naɗa shi alƙalin gari yana da shekara fiye da 70, ya rasu a 854, kuma ana lissafa shi cikin na farko da suka sa lamarin kasuwa a ƙarƙashin kulawar alƙali. Ɗansa Muhammad ya rubuta ɗan littafi a kan ladubban malaman yara, inda ya ƙayyade bulala uku a kan karatu, ya yi maganar ladan malami da kyautar sauka. Wanda ke son ganin makarantar allo ta ƙarni na 9, a nan zai gan ta.

Ibn Abi Zaid kuwa a cikin gari yake, a gidansa aka binne shi a 996. Na tarar da ƙofa a rufe. Wani mai saƙar darduma da ke kusa ya bar aikinsa ya je ya nemo mai mabuɗi, ya ƙi karɓar komai. Ɗaki ne madaidaici, shiru, sai ƙamshin tsohon gini. Na yi masa addu'a, na yi wa malamina, na zauna na ciro Risalata, ita dai wadda na sauke da ita, gefenta duk rubutun fensir.

Na buɗe wani layi da ya daɗe yana damuna, can kusa da ƙarshe, inda ya ce makaruhi ne zuwa fatauci ƙasar abokan gaba da ƙasar Sudan. Ƙasashenmu ke nan. Ranar da aka fassara mana shi mun kalli juna, malam ya ce a lokacin Musulunci bai kafu a can ba, mai zuwa zai zauna a ƙarƙashin hukuncin da ba na shari'a ba. Gaskiya ne. Amma a ɗakin nan na karanta shi ta wata fuska: malami ba ya sa gargaɗi a littafin yara a kan hanyar da babu mai bin ta. Fataken Ƙairawan suna zuwa, kuma da yawa. Shaida tana cikin wata fatawa ta Ƙabisi, makahon malamin garin da ya rasu a 1012. Wani ya karɓi jarin ƙiradi, wato ya yi fatauci a raba riba, a kan zai je Tadmakka, a arewacin Mali ta yau. Daga can ya zarce tsohuwar daular Gana da birnin Audagust, ya yi aure ya haihu, ya shekara 11 bai dawo ba, bashi ya hau kansa, mai jari ya rasa yadda zai yi. Babu littafin sarakunan da ya san da wannan mutum. Amma a cikin tambayar da aka yi a kansa akwai hanyar ayari da zangunanta, da yadda ake haɗa jari, da yadda baƙo ke zama ɗan gari ta aure. Ta irin wannan hanya littafin da ke hannuna ya ƙetara Sahara, a cikin kayan mutanen da ya ce kada su je. Na daɗe a zaune har mai mabuɗi ya yi gyaran murya.

Da dare na zauna shan shayi da wani malamin makaranta mai ritaya da muka haɗu a sallar magariba. Ya sayo makrud, wani ƙulli na garin alkama da dabino da ake soyawa a tsoma a zuma, wanda garin ya yi suna da shi. Shi ya kawo maganar sadakin Ƙairawan. Ƙarnoni da dama, takardar auren garin takan ƙunshi sharaɗin cewa miji ba zai ƙara aure ba, in ya ƙara, al'amarin yana hannun uwargida. Na ce ai Malikiyya sun karhanta irin wannan sharaɗi, kuma ba ya lizimta. Ya ce, "Sai in an rataya shi da saki ko an mallaka mata zaɓi, Ustaz. Masu rubuta takardun garin nan kuwa sun san haka sarai." Nan na ga wani abu da matanin littafi kaɗai ba zai nuna ba. Mazhaba tana da abin da ta fi so, iyayen 'ya'ya mata a birnin fatake suna da abin da suke so, kuma an samu hanya a cikin mazhabar kanta. Yawan fatawoyin da suka shafi sharuɗɗan aure, da mijin da ya yi tafiya ya bar iyali ba ciyarwa, yana nuna matan da suka san ƙofar alƙali kuma suka taka ta.

Susa tafiyar awa guda ce, a bakin teku. Na je ne saboda Yahaya bin Umar, almajirin Sahnun ɗan asalin Andalus, wanda ya ƙare rayuwarsa a garin a farkon ƙarni na 10. Littafinsa Ahkamus Suƙ yana cikin mafi daɗewa da suka iso mu a kan hukuncin kasuwa. Na zaga kasuwar madina da shi a aljihu. Tauye awo, burodin da nauyinsa bai cika ba, madarar da aka yi wa algus da ruwa, mahaucin da ke hura nama don ya yi kyan gani, ɓauren da aka shafa wa mai don ya yi sheƙi, mai shagon da ya yayyafa ruwa a ƙofarsa dabbar wani ta zame ta karye. Har da takalman mata masu ƙara, da aka tambaya ko a hana dukawa ɗinka su. Daga wannan kaɗai ka san mata suna ratsa kasuwa, kuma akwai yayi. Ina tsaye a layin masu kifi wani ya watsa bokitin ruwa a gaban teburinsa, mai babur ya taka birki yana faɗa, maƙwabta suka fito raba su. Na hau hasumiyar ribaɗin garin, wato tsohon sansanin tsaron bakin teku, wadda aka gina a 821, na kalli rufin gidaje farare, kowanne da 'yar katangar da ta kare shi daga idon na kusa.

Jirgin ƙasa na shiga zuwa Tunis, awa biyu da rabi, rabin tafiyar a tsaye. Na sake kwana ɗaya a gidan Hajiya, na koma layin majema na ƙaro mujalladi biyu na fatawoyin Burzuli, iya abin da kuɗina suka kai. A filin jirgi jakata ta haura da kilo 4. Na buɗe ta a ƙasa na ciro makrud da dabinon tsaraba na raba wa masu shara da wani iyali da ke bayana a layi, littattafan suka wuce.

Mako biyu da dawowata ɗalibaina na karatun dare suka nemi mu fara Risala. Na ce to, amma daga babin hukunce-hukunce za mu fara. Da muka kai layin katanga na rufe littafi, na ɗauki tocila, muka fita bayan makaranta inda katangarmu ta haɗu da ta maƙwabci. Na haska kusurwar, na ce kowa ya matso ya duba ɓangaren da tubalin ya shiga.